Igwar Buɗa-baki

A Sarayevo, in rana ta faɗi a watan azumi,
igwa kan yi tsawa ɗaya daga tsohuwar ganuwa bisa dutse.
Fitilun hasumiyoyi su kama, yara su yi tafi,
gari duka ya miƙa hannu ga dabino.
Mu a gidanmu, wannan ƙara
ita ke jefa babana ƙarƙashin tebur.

Hajrudin, mai gyaran jirgin ƙasan cikin gari,
mutumin da ke ɗaga ƙarfe kamar karan dawa,
sai ga shi a dunƙule, hannu bisa ƙeya,
miyar kaza da kuɓewa tana hucewa a kwano,
burodi mai habbatus sauda yana jiran mai gutsura.
Shekara talatin da ɗaukewar ruwan harsasai,
jikinsa bai samu labari ba.

Inna Mersiha ta ce, "Ƙara zikiri."
Ya ƙara, har carbi ya yi sulɓi a yatsunsa.
Kawu ya ce, "Raunin imani ne."
Wannan ta fi igwar yi masa illa:
ya shiga zaton Ubangiji na fushi da shi,
tsoro biyu a ƙirji ɗaya.

Ni na ja shi wurin Liman Sakib bayan la'asar.
Tsohon bai buɗe littafi ba.
Ƙafar wandonsa ya naɗe,
ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ke madadin ƙwaurinsa.
"Da addu'a na miƙe," in ji shi,
"amma hannun mutum ne ya ɗaura min wannan.
Naka ciwon ba ya jini, shi ya sa ka raina shi.
Je ka asibiti, hawa na biyu.
Ni ma can nake zuwa duk Talata."

Likitar, Vildana, sa'ata ce.
Babana ya dubi kanta ba kallabi, ya dubi ƙofa.
Ba ta auna imaninsa ba.
Tambaya ɗaya ta ajiye a tsakaninsu:
"Ina kake ranar?"
Mako uku yana kallon takalminsa.
A na huɗu ya ce, "Layin ɗiban ruwa.
Jarka biyu. Sanyi.
Na ce wa ƙanena Nejad ya tsaya a wurina,
in leƙa lungu in sha taba."

Sunan da ba a taɓa furtawa a teburinmu ba.

Ta koya masa numfashi:
ja huɗu, riƙe, saki shida,
tafin ƙafa a ƙasa,
ka kira sunan abin da idonka ke gani.
Ya dawo yana ƙunƙuni, wai ƙidayar 'yan makaranta.
Amma cikin dare na jiyo shi kan darduma
ya zura ƙidayar cikin tasbihi
kamar zare a hancin allura,
ban san inda ta likita ta ƙare ba,
ban san inda ta liman ta fara ba.

Azumin bana, ranar sha tara,
ya tsaya a taga, agogo a hannu.
Igwa ta tashi.
Kafaɗunsa suka zabura, ruwan kofi ya zube,
amma gwiwa ba ta kai ƙasa ba.
Ya ce, "Taga. Bishiya. Belma. Dabino."
Ya ce, "Bismillahi."
Sannan, a hankali, "Allah ya jiƙan Nejad."
Inna ta shige kicin, ta buɗe famfo
don kada mu ji kukanta.

Kar a ce na ce ya warke.
Washegari igwar ta riga shi shiri,
ya sake faɗawa ƙarƙashin tebur.
Ban kira kowa ba.
Na ɗauki faranti na rarrafa na same shi,
muka yi numfashi huɗu, muka saki shida,
ladan na kira, ƙafafun kujeru kewaye da mu,
a can muka sha ruwa.